Borrow da lend: yanda aikin takardar 'yan lesin ɗinmu ke tafiya

Asabar, 6 ga Janairu 2024

Toh bismillah, yau na fara haɗa 'yar takardar nan da na daɗe ina yi wa yaran lesin ɗinmu na yamma alƙawari a nan Unguwar Rogo a Jos, yawancinsu WAEC da NECO ne a gabansu bana, wasu kuma har da JAMB. Abin da nake so shi ne in tattaro kalmomin Turanci masu zuwa bibbiyu suna rikita yara, kowane biyu shafinsu guda, bayani da Hausa, misalai da Turanci. Na jera borrow da lend, teach da learn, bring da take, say da tell, advice da advise. Da borrow da lend zan fara dan babu ranar Allah da ba na jin "borrow me your biro" a cikin aji, kuma ba daga bakin masu wasa da karatu kaɗai ba, har masu ƙoƙarin ma haka suke cewa.

Ga abin da na rubuta zuwa yanzu. Duk biyun aikatau ne, kuma abu ɗaya suke ba da labari, wato kaya ya bar hannun mai shi ya tafi hannun wani bisa sharaɗin za a dawo da shi. Bambancin kawai wa aka sa a gaban jimla. In mai karɓa ne a gaba, borrow. In mai kayan ne a gaba, lend. "I borrowed a pen from my sister" da "My sister lent me a pen" biro ɗaya ne, rana ɗaya, mutum biyun nan dai, bakin da ke ba da labarin ne ya canza wurin tsayuwa. Borrow abokin tafiyarsa from, lend kuma abokin tafiyarsa to, ko kuma a kawo mutumin kai tsaye bayansa ba tare da to ɗin ba.

Sanyi ya yi yawa, yatsu ba sa son taɓa kwamfuta, gobe na ci gaba.

Laraba, 10 ga Janairu

Na gwada bayanin a aji. Da na tambayi ma'ana kowa ya sani, suka haɗa baki, borrow karɓa lend bayarwa, kaman karatun allo. Ko minti goma ba a yi ba wani yaro a bencin baya ya juya ya ce wa na kusa da shi "borrow me ruler". Kenan ba ma'anar ce matsalar ba, sun haddace ta tun firamare. Wurin gina jimlar ne abin yake karyewa, kuma wannan shafin da na rubuta ranar Asabar bai taɓo wurin ba sam. Sai na koma na duba abin da ke cikin kan yaron kafin Turancin ya fito.

Lahadi, 14 ga Janairu

Yau na zauna da Hausar kanta, kuma ina ganin nan gizo ke saƙar.

Mu a Hausa saiwa ɗaya muke da ita. Na ari littafi. Ya ara mini littafi. Kalmar ba ta canza ba, ƙarshenta ne ya motsa, sai kuma wannan mini ko masa ko wa da ke biyo baya ya nuna inda kayan ya nufa. In ka lura har karin sautin ba ɗaya ba ne, ara na "ara mini" a sama yake farawa ya sauko, ara na "abin da na ara" kuma a ƙasa yake farawa ya hau, sai dai a rubutu ba ma nuna wannan shi ya sa ido ke ganinsu abu guda. Masu nazarin Hausa sun san wannan da daɗewa, F. W. Parsons ne a 1960 ya kasa aikatau ɗin Hausa giredi bakwai, kuma duk wanda ya yi Hausa a kwaleji ya sha wannan darasi. Na karɓa ɗin giredi na biyu ne, shi ne mai canza wasalin ƙarshe, na ari keke, na are shi, shi ne abin da na ara. Na bayarwa ɗin kuma giredi na ɗaya, ara mini, ya ara wa ƙanensa. Haka ranta take, na ranci kuɗi, ya ranta mini kuɗi. Haka koya, na koyi ɗinki, ya koya mini ɗinki.

To yaron da ya tashi da wannan tsari, aka ce mishi borrow shi ne aro, me kake so ya yi? Zai ɗauki ara ya sa borrow, ya ɗauki mini ya sa me, ga "borrow me" ta fito tsaf. Wallahi ba daƙiƙanci ba ne, ƙa'ida ce yake bi, ƙa'idar harshensa, kuma daidai yake bin ta. Abin da ba a gaya mishi ba shi ne aikin da Hausa take yi da ƙarshen kalma, Turanci a nan da kalma daban yake yinsa. Abin yana min ciwo in na tuna yanda ake yi wa yara dariya ko a zane su a kan wannan, alhali da an tsaya minti biyar an nuna musu Hausarsu a kan allo da an wuce wurin.

Dan haka na sake shafin gaba ɗaya. Yanzu da Hausa yake farawa, layi biyu:

ari, are, ranci = borrow
ara wa, ara mini, ranta wa = lend

Ƙa'idar da na sa a ƙasa da manyan baƙaƙe ita ce, ka faɗi jimlar da Hausa a zuciyarka tukuna, in ka ji mini, maka, masa, mata, mana, musu ko wa sun biyo bayan ara, to lend kake nema.

Na san a Jos ba Hausa kaɗai ke jawo wannan ba, Turancin buroka ma haka yake cewa, kuma yaro a Terminus ko Farin Gada duk biyun yake ji kullum. Amma yarana da Hausa suke tunani, dan haka ta nan zan shiga.

Asabar, 20 ga Janairu

Wata yarinya 'yar aji shida ta kawo tambayar da ta fi duk abin da na rubuta. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai muna cewa buy me a pen kuma ka ce daidai ne, give me, send me, bring me duk daidai ne, to me ya sa borrow me kaɗai ya zama laifi?"

Na ce mata, "Buy me a pen da Hausa me ake cewa?" Ta ce saya mini biro. Na ce, "A wurinki za a saya?" Ta ce a'a Malam, a shago za a saya a kawo min. Na ce to ki sa borrow a wurin buy ki gaya min abin da ya fito. Ta yi shiru kaɗan sai ta ce, "Aro mini biro?" Na ce shi kenan kin gama darasin.

Abin da ke nan shi ne aikatau masu ɗaukar karɓau biyu, wato mutum da kaya, a Turanci iri biyu ne. Akwai waɗanda in ka warware su to ke fitowa, give me a pen ya zama give a pen to me, haka send, haka lend, kayan daga hannun mai aikin yake fita zuwa gare ka. Akwai kuma waɗanda for ke fitowa, buy me a pen ya zama buy a pen for me, haka get, haka find, wato mai aikin zai je wani wuri ne ya samo maka. Borrow kalmar karɓowa ce, 'yar gidan su buy da get ce, dan haka in ma an matsa mata ta ɗauki me, abin da kunnen Bature zai iya ji shi ne je ka karɓo min a wurin wani. Mu kuma muna da wannan a shirye, giredi na shida mai ƙarewa da o, aro mini, sayo mini, ɗauko mini. Kenan yaron da ya ce wa abokinsa "borrow me your ruler" yana nufin ara mini rularka amma abin da ya fita daga bakinsa ya fi kusa da aro mini rularka, kuma duk Bahaushe zai ji wannan jimlar ba ta zauna ba, ta yaya zan aro maka abin da yake nawa.

Da na rubuta ara mini da aro mini a allo gefe da gefe ajin ya ɗauka da surutu, kowa na gwada wa na kusa da shi. Wannan ya shiga takarda, kuma shi zai zama tsakiyar shafin. Na gaya musu a jarrabawa kada ma su yi amfani da borrow me ko da a ma'anar aro mini, su rubuta borrow it for me ya fi tsafta.

Na ƙara hanyoyi biyu na roƙo dan su ne ake buƙata kullum. "Can I borrow your pen?" da "Can you lend me your pen?" In I ne bayan can, borrow. In you ne, lend.

Lahadi, 28 ga Janairu

Jiya da dare Najeriya ta ci Kamaru 2 da 0 a gasar cin kofin Afirka, Lookman ne ya ci duka biyun, yau babu maganar da ke shiga kunnen samarin ajin sai ƙwallo. Sai na bi su ta can, dama ina neman hanyar shigo da kalma ta uku wato loan, dan ba za ka gama da biyun nan ba ka taɓa ta ba.

Na tambaye su Lukaku ɗan wasan wa ne, suka ce na Chelsea ne amma yana Roma a matsayin aro. Na ce to Ahmed Musa namu na nan Jos fa, a watan Janairun 2018 ina ya je, manyan cikinsu suka ce Leicester ta ba da shi aro ya koma CSKA Moscow. Na ce a rubuta min wannan da Turanci ta hanya uku. Abin da muka fitar a ƙarshe:

Leicester lent him to CSKA.
CSKA borrowed him from Leicester.
He went to CSKA on loan.

Na bayyana musu cewa ta ukun ita ce masu sharhin ƙwallo suka fi faɗa, biyun farko dan darasi muka gina su amma nahawunsu lafiya lau. Abin da nake so su gani shi ne loan a nan suna ne, shi ne aron kansa ko rancen kansa, a bank loan, take a loan, repay a loan, on loan. Borrow da lend ba a sa musu "a" a gaba a Turancin jarrabawa, ba a rubuta "give me a borrow". In ana son suna daga jikinsu sai dai mai aikin, borrower mai karɓa, lender mai bayarwa, ko borrowing da lending kaman yanda jaridu ke rubutawa in ana maganar bashin gwamnati ko kuɗin ruwan banki. Dokar ba ɗalibai rance da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ma da wannan kalmar loan ake kiranta, kuma yaran nan in Allah ya sa sun shiga jami'a za su ci karo da fom ɗin da ke ɗauke da duk kalmomin nan, gara su san wane ne borrower tun yanzu kafin su sa hannu a takarda.

Loan tana zama aikatau ma, ma'anarta lend, Amurkawa sun fi yawan yin haka, "he loaned me money". Ba kuskure ba ne. Amma na ce musu su riƙe lend a rubutunsu, ita ce ba mai maki da zai ja mata jan layi.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Wani abu da ban sa a lissafi ba. Malamin Islamiyyar da muke amfani da ajinsu, dattijo ne, ya tsaya bakin taga yana jin darasin, bayan an tashi ya ce min, "Malam, na ji kana haɗa aro da rance wuri ɗaya, ai ba ɗaya ba ne." Na ce, "Haka ne Baba, Allah ya gafarta Malam, Turancin ne bai raba ba."

Ya zauna ya yi min bayani mai daɗi. Aro shi ne abin da za ka yi amfani da shi ka mayar da shi shi ɗin dai, keke, tsani, tabarma, littafi. Rance kuwa abin da za ka kashe ne ko ka cinye ka mayar da kwatankwacinsa, kuɗi, mudun masara, gishiri. Ya ce a fiƙihu ma babi biyu ne daban, ariya da ƙard, kowanne da hukuncinsa, in abin ya lalace ko ya ɓace ba hukunci ɗaya ba ne. Duk na san bambancin a baki amma ban taɓa ɗora shi kusa da Turancin ba.

Sai ga shi abin ya fito sarai. Hausa ta raba ta fuskar irin kayan, aro daban rance daban, amma mai bayarwa da mai karɓa saiwa ɗaya suke ci. Turanci ya raba ta fuskar mai bayarwa da mai karɓa, amma ko keke ne ko naira dubu ko kofin sukari duk borrow ne duk lend ne. Kowane harshe akwai inda ya tsananta akwai inda ya sassauta. Na zana wannan a ɗan akwati mai gida huɗu, ari da ranci a ƙarƙashin borrow, ara wa da ranta wa a ƙarƙashin lend. Ina ganin yaro in ya ga harshensa ma yana da abin da Turanci ba shi da shi, tsoron Turancin yana raguwa, kuma yaron da ba ya jin tsoro ya fi saurin gyara kuskure.

Na kuma sa gargaɗi ɗaya, in ana biyan kuɗi dan amfani da abu to an bar aro an shiga haya, nan rent ko hire ake cewa. Ɗan keke napep da ke kai balas kullum ba borrow ya yi ba. Banda kuɗi, su ko da ruwa a kai borrow ne.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Na ba wata Malama abokiyar aikina takardar ta duba, Turanci ta karanta a Jami'ar Jos kuma ta fi ni zurfi a tarihin harshen. Mun yi gardama mai amfani har aka kira magariba.

Ita ra'ayinta shi ne na cika kiran "borrow me" kuskure. Ta ce Turancin Najeriya Turanci ne mai zaman kansa, ta kawo cewa a Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Najeriya, ciki har da okada da danfo da Kannywood. Ta ce kuma ba mu kaɗai ba ne, a Amurka can yankin Wisconsin da Minnesota akwai masu cewa borrow me, kuma Jamusanci, ɗan'uwan Turanci na jini, kalmarsu borgen tana yin aikin biyun, haka leihen. Ta ce ita borrow ɗin kanta daga tsohuwar kalma borgian ta fito, tushenta borg, wato jingina ko lamuni, abin da ake ajiyewa ko mutumin da ke tsayawa dan a tabbatar za a biya, kenan asalinta ba ta karɓa ba ce kaɗai, ta yarjejeniyar ce. Ta ƙara da cewa Turancin yau ma yana da kalma mai fuska biyu, rent, mai gida zai ce I rent it to him ɗan haya ya ce I rent it from him, ba wanda ya ce musu sun yi laifi.

Duk na yarda da ita, misalin rent ɗin ma har na ɗauka na sa a takarda dan yana nuna wa yara cewa tsarin Hausa ba baƙon abu ba ne a duniya. Inda muka rabu shi ne abin da za a gaya wa yaron da zai shiga ɗakin jarrabawa nan da 'yan watanni. Na ce mata, "Malama, mai makin nan ba zai tambayi yaro tarihin kalma ba, zaɓi huɗu ne a gabansa, ya ɗauki borrow a inda ake son lend maki ya tafi." Kuma kiredit a Turanci shi ne ƙofar jami'a, yara nawa muka sani a unguwar nan da suka ci komai Turanci ya riƙe su shekara biyu uku a gida, wasu daga nan karatun ya tsaya ke nan, 'yan matan a yi musu aure samarin su kama acaɓa ko tura baro. Ba zan iya yi musu sassauci a kan abin da na san za a kama su da shi ba.

Abin da muka daidaita a kai, na cire kalmar kuskure daga kan shafin. Na rubuta cewa a hira da abokai da buroka kowa zai gane ka, amma a jarrabawa da wasiƙar neman aiki da duk rubutun ofis lend me ake so. Wannan gaskiya ne ta kowane ɓangare kuma ba a ce wa yaro maganar gidansu shirme ba ce.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Jiya Kiristoci suka shiga azuminsu na kwana 40, yara biyu a ajin Kiristoci ne daga wajen Rikkos suke zuwa, ɗayansu ya tambaya ko Lent na coci shi ne lent na darasinmu. Ba shi ba ne, rubutu da furuci ne kawai suka zo ɗaya. Na cocin daga tsohuwar kalmar Turanci ta lokacin bazararsu ya fito, sanda rana ke ƙara tsawo a can, kuma da babban baƙi ake rubuta shi. Namu kuwa shuɗaɗɗen lokacin lend ne.

Wannan ya kai mu ga abin da na bari baya. Borrow ba ta da rigima, borrowed borrowed. Lend ce mai taurin kai, lent lent, kuma "lended" na yawan fitowa a littattafansu. Na haɗa ta da 'yan uwanta dan su riƙe a tare, send sent, spend spent, bend bent, lend lent. Malamar nan ta gaya min d ɗin ƙarshen lend ma ba na asali ba ne, tsohuwar kalmar ba ta da shi, daga siffar shuɗaɗɗen lokaci ya maƙale mata daga baya, ita kuma loan daga harshen mutanen arewacin Turai ta shigo Turanci. Ban sa wannan a takarda ba, wuri ya yi kaɗan.

Mun ɗan taɓa furuci saboda takardar oral. Lend da land, lent da learnt, loan da lawn, sannan loan da lone waɗanda furucinsu ɗaya ne sak. Borrow da barrow da burrow kuma wasalin farko ne kawai ya raba su, ta tsakiyar ita ce ta cikin wheelbarrow inda muka samo baro.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Shafi ɗaya na yi niyya, yanzu huɗu ne, dole a rage. Na zauna ina tantance abin da zai zauna.

Jimlar da ba a ambaci mai aiki ba za ta zauna, dan tana fitowa a tambayoyin cike gurbi. Hausarta mai sauƙi ce, an ara mini keke shi ne "I was lent a bicycle", an ari keken shi ne "The bicycle was borrowed". Wanda ya rubuta "I was borrowed a bicycle" ya koma ramin farko. Lend tana da karɓau biyu, mutum da kaya, dan haka kowannensu na iya dawowa gaban jimla. Borrow karɓau ɗaya gare ta, kayan kawai, dan haka "I was borrowed" ba ta da wata ma'ana sai an are ni, wanda sai dai in kai ɗan ƙwallo ne ko ma'aikacin da aka tura wata ma'aikata.

Borrowed a matsayin sifa ma za ta zauna, layi ɗaya. Na ba su karin maganar nan, kayan aro ba ya rufe katara, na ce su juya kayan aro kaɗai, yawanci suka kawo borrowed clothes kuma daidai ne. Ba a cika cewa lent clothes ba.

Salon magana kuwa na rage su zuwa biyu, lend a hand wato taimakawa, da lend an ear wato saurarawa. A nan loan ba ta shiga ko a Amurka, ba mai cewa loan a hand. Lend itself to na cire, ta fi ƙarfin abin da suke buƙata yanzu. Borrow ta lissafi, in ana ɗebewa a ce a ari ɗaya daga gidan gomomi, ita ma na cire dan sun riga sun san ta. Borrow ta aron kalma daga wani harshe, irin yanda muka samo tebur da bokiti da mota, na bar ta a matsayin misali guda dan malaman Hausa na tambayarta.

Na yi musu gwajin cike gurbi ba tare da sanarwa ba. A rubuce abin ya gyaru sosai, waɗanda suka faɗi yawanci a lent da lended ne, ba a zaɓen kalmar ba. A baki kuwa har yanzu borrow me na kuɓucewa, sai dai yanzu in ta fito na kusa da shi ne ke cewa "ara ko aro?" kafin ni in buɗe baki, mai maganar ya gyara da kansa. Baki ya fi hannu wuyar canzawa, abin da aka shekara goma ana faɗa ba zai fita a wata biyu ba, kuma ni rubutun ne ya fi damuna a yanzu.

Saura wata matsala da ban warware ba, jimlar da mai kayan da mai karɓa duk ba mai magana ba ne, kaman "Musa asked Audu to ____ him some money". Nan yara na ruɗewa wa ke ba wa, dan sunaye biyu ne ga him a ƙarshe. Dabarar fassarawa a zuci tana aiki, ya roƙi Audu ya ranta masa, masa ta fito kenan lend, amma masu gaggawa ba sa tsayawa su yi ta. Zan ƙara irin waɗannan guda goma a ƙarshen shafi su yi ta yi har hannu ya saba.

Asabar, 9 ga Maris

An dawo shafi biyu, gaba da baya a takarda ɗaya. Gaba bayani, akwatin nan mai gida huɗu a sama, ara mini da aro mini a tsakiya, hanyoyin roƙo biyu a ƙasa. Baya kuma lent da 'yan uwanta, loan, sai tambayoyi. Na kai wani shagon fotokwafi a Bauchi Road, kuɗin takarda ya tashi sosai tun bara, dan haka baƙi da fari kawai aka yi, akwatin da na so ya fito da kala sai na ja mishi layi mai kauri. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta ƙi fitowa a kwamfutarsu da farko, sai da na mayar da fayil ɗin PDF a wayata na tura musu. Malamin Islamiyya ya ce a ba shi kwafi biyar na manyan ɗalibansa, Malamar kuma za ta gwada a ajinta na safe inda yawancin yaran ba Hausa ce harshen gidansu ba amma suna jin ta, ina so in ji ko dabarar mini da masa za ta yi musu aiki kaman yanda ta yi wa nawa.

Ana sa ran fara azumi Litinin in an ga wata, lesin zai koma safiyar Asabar da Lahadi har bayan salla, ga JAMB a watan Afrilu. Teach da learn ne na gaba kuma rabin aikin a yi yake, na koyi da koya mini tsarinsu ɗaya da na ari da ara mini, sai dai akwai koyar da, wadda aro ba ta da irinta a bakin yawancin mutane, ba da aro muke cewa. Da ita zan fara ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu.